Neman masauki ga fodkas ɗinmu: littafin aiki

4 ga Maris

Kashi 3 na fodkas ɗinmu, wato shirin sauti da ake saurare ta intanet, sun kammala. Yaya ya gama tace sautin na ukun a daren jiya, ya turo min fayil ɗin tare da saƙon layi ɗaya: "Ga kayanka, saura naka." Rabon aikin da muka yi tun farko ke nan, shi da naɗa da tacewa, ni kuma da duk abin da ya shafi fitar da shirin. Hira muke yi da masu sana'ar hannu, wajen minti 45 kowane kashi, muna so ya riƙa fitowa duk bayan mako 2.

Na buɗe wannan littafin ne saboda na san halina. Nan da wata uku zan manta dalilin da ya sa na zaɓi abin da na zaɓa, in koma ina zargin kaina.

Bari in fara da abin kunya. Har zuwa safiyar yau ina zaton Apple Podcasts ake ɗora wa sauti, kamar yadda ake ɗora bidiyo a YouTube. Na shiga da fayil a hannu, sai na tarar adireshin RSS suke tambaya. Ashe manhajojin saurare irin su Apple Podcasts da Pocket Casts da Overcast masu nuna hanya ne kawai. Sautin kansa yana zaune a wani gida daban, kuma wannan gidan shi ke rubuta takardar RSS da manhajojin ke leƙawa su ga ko akwai sabon kashi. Gidan nan nake kira masauki, shi kuma nake nema.

6 ga Maris

Yau na kwafo adireshin RSS na wani shiri da nake bi, na buɗe shi a kwamfuta don in ga cikinsa da idona. Tarkacen rubutu ne mai cike da alamomi, amma da na nutsu sai na ga ba shi da wata wahala. A sama akwai sunan shirin, bayaninsa, harshensa, da inda hoton bango yake. Ƙasa kuma kowane kashi da ɗakinsa: take, ranar fitowa, layin da ke nuna inda fayil ɗin sauti yake da girmansa, sai wata doguwar lamba da ake kira GUID. Wannan lambar ita ce shaidar kashin. Da ita manhaja ke gane cewa ta riga ta nuna wa mai saurare wannan, kada ta sake kawo masa shi a matsayin sabo.

Tsarin tsoho ne. Dave Winer ne ya ƙara wa RSS damar ɗaukar fayil tun farkon shekarun 2000, kalmar fodkas ta fara fitowa a rubutun Ben Hammersley a jaridar The Guardian a 2004, Apple kuma ta shigar da fodkas cikin iTunes a watan Yunin 2005. Sama da shekara 20 ke nan ana tafiya a kan wannan ƴar takarda.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, wanda ya danna maɓallin bibiyar shiri, adireshi ya bibiya. Wayarsa ba ta san sunana ba, ba ta san muryar Yaya ba, adireshin nan kaɗai ta riƙe. Kenan duk wanda adireshin ke hannunsa, masu sauraronmu na hannunsa.

9 ga Maris

Na shafe yini ina karanta shafukan kamfanonin masauki. Dukansu kirarin iri ɗaya suke yi wa kansu, inda suka rabu shi ne mudun da suke awo da shi. Libsyn, wadda ke aiki tun 2004, tana auna sabon abin da ka ɗora a wata. Buzzsprout tana ƙirga awanni, kuma tsarinta na kyauta yana riƙe kashi na kwana 90 ne. Transistor da Captivate suna ƙirga yawan saukewa a wata, su bar ka ka buɗe shirye-shirye da yawa a asusu ɗaya. Spotify for Creators kyauta ce. Ita ce tsohuwar Anchor da Spotify ta saya a 2019, aka sauya mata suna a 2023, aka sake sauyawa a 2024. Akwai kuma Castopod, manhajar da mutum zai girka a sabar tasa, wato kwamfutar da ke ajiye fayiloli tana miƙa su ta intanet, ya zama mai masaukin kansa.

Na yi lissafin namu. Minti 45 a kan 128 kbps, wato ma'aunin ingancin sauti, yana ba da fayil na kusan MB 43. A kan 64 kbps, mono, wato layin sauti ɗaya maimakon biyu, ya koma wajen MB 22. Tunda magana ce zalla babu kiɗa sai a buɗewa, na biyun ya isa, kuma mai saurare da ke lallaɓa datarsa zai gode mana. Awa ɗaya da rabi a wata muke ɗorawa, don haka mudun awa ba zai matse mu ba. Mudun saukewa ma ba zai matse mu yanzu ba, sai ran da shirin ya karɓu, wato ranar da muke fata ita ce ranar da za a ƙara mana kaya. Wannan ya ɗan ba ni dariya.

Na yi tunanin zuba fayilolin a ƙaramin shafinmu na intanet kawai, in huta. Lissafi ya hana ni: kashi ɗaya idan mutum 1,000 suka sauke, wajen GB 22 ke nan, kuma yawancinsu a ranar farko za su taho. Sannan Apple tana sharaɗin sabar ta iya miƙa fayil gutsure-gutsure, yadda mai saurare zai tsallaka minti na 30 ba sai ya jira na farko sun sauka ba. Castopod ma na ajiye ta gefe. Tana burge ni, amma idan sabar ta faɗi da tsakar dare ni za a tasa.

Na kira Yaya na karanto masa duk wannan. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To kai, na kyautar nan me ya yi maka?"

Na ce, "Yaya, ban ce ya yi min komai ba, so nake in fara sanin abin da zan bayar a madadin kuɗin."

Ya ce in dai araha ba ta ado zan ce masa, ya riga ni sani, in kawo masa hujja.

12 ga Maris

Ban samo masa hujjar ba, amma na samo abin da ya sauya min tambayar gaba ɗaya.

Stitcher, ɗaya daga cikin tsofaffin manhajojin saurare, ta rufe a watan Agustan 2023. Google Podcasts ta bi sahu a 2024, aka ce wa masu amfani da ita su koma YouTube Music. Shirye-shiryen da ke cikinsu ba su mutu ba, domin ba a can suke zaune ba. Takardar RSS ɗinsu na gidan masauki, sauran manhajoji suka ci gaba da karanta ta. Sai na tambayi kaina: idan masaukin ne ya rufe fa? Ko aka sayar da shi, ko ya sauya sharuɗɗa, ko mu muka girme shi? A wannan sana'ar saye da sayar da kamfanoni ba baƙon abu ba ne.

Amsar tana cikin wata lamba, 301. Idan ka bar masauki, tsohon adireshin RSS ɗinka dole ya riƙa gaya wa duk manhajar da ta ƙwanƙwasa cewa an tashi dindindin, ga sabon gida. Manhajar sai ta gyara adireshin da kanta, mai saurare ba zai ma san an yi ƙaura ba. Idan tsohon masaukin bai sa wannan alamar ba, ko ya cire ta da wuri, wayoyin mutane za su ci gaba da leƙa kangon gida, shiru, har su ɗauka mun daina shirin.

Na yage jerin sharuɗɗan da na rubuta ranar 9 ga wata. Kyan allon alƙaluma da shafin shiri na kyauta da sauran ado sun koma ƙasa. A sama na rubuta: ta yaya zan fita?

15 ga Maris

Na buɗe asusun gwaji a masauki 3. Ba zan kama suna ba, domin gwajin mutum ɗaya na ƴan kwanaki bai isa a yanke wa kamfani hukunci ba. Na ɗaya, na biyu, na uku zan riƙa cewa.

Yaya ya yanko min guntaye 3 na minti 5, na ɗora wa kowanne. Da gangan na sa wa guntu na farko take mai ƙ da ɗ da ɓ a ciki. Na ɗaya da na uku sun nuna haruffan daidai a takardar RSS da kuma shafin shirin. Na biyu ya rubuta su daidai a takardar, amma a ƴar na'urar kunnawa da ake liƙawa a shafi sai ƙananan akwatuna suka fito a madadinsu, saboda salon rubutun da suka zaɓa ba shi da waɗannan haruffan. A wurin zaɓen harshe kuma, lambar Hausa ita ce ha. Biyu sun sa ta cikin jerinsu, ɗayan sai da na rubuta wa masu kula da abokan hulɗa.

Na sake sauke fayilolin daga kowane gida na auna su. Na ɗaya ya bar fayil yadda na ba shi. Na uku ya sake matse shi zuwa nasa ma'aunin. Na tura wa Yaya duka biyun ba tare da na faɗa masa wanne ne wanne ba. Ya sa na'urar kunne ya saurara, ya ce a na biyun harafin s yana ɗan shan iska. Ni dai ban ji komai ba, amma kunnensa ne sana'arsa, ba zan yi gardama ba.

18 ga Maris

Alƙaluma. Na kunna guntu ɗaya sau 6 daga wayata cikin yini guda, a kan layin intanet ɗaya, a kowane masauki. Washegari biyu suka nuna saukewa 1, ɗayan ya nuna 6.

Masu nuna 1 su ke bin ƙa'idar IAB Tech Lab, ƙungiyar da ke tsara ma'aunan tallan intanet, wadda masu talla ke amincewa da ita. Ƙa'idar ta ce sai an sauke aƙalla daidai da minti 1 na sauti kafin a ƙirga, kuma na'ura ɗaya daga adireshi ɗaya sau ɗaya za a ƙirga ta cikin awa 24, sannan a tace na'urorin leƙe masu yawo da kansu. Lamba 6 ta fi daɗin kallo, sai dai ƙarya ce, kuma ran da muka koma gidan da ke ƙirga gaskiya za mu ɗauka jama'a sun gudu.

Ko ƙirgar gaskiyar ma saukewa take ƙirgawa, ba saurare ba. Masauki bai san ko mutum ya ji kashin ko wayarsa ce ta sauke ta ajiye ba. Lokacin da Apple ta sauya yadda saukewa ta atomatik ke aiki a iOS 17, tsarin wayar iPhone, cikin 2023, alƙaluman shirye-shirye da yawa sun faɗi alhali masu sauraronsu na nan. Wanda ke son sanin inda mutane ke yanke saurare sai ya duba allon Apple da na Spotify, kowanne kuma nasa mutanen kaɗai yake gani.

22 ga Maris

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka yau na yi ƙaurar gwaji. Yaya ya bibiyi shirin gwajin a wayarsa ta adireshin na ɗaya, ya kuma saurari guntayen uku har ƙarshe don su nuna an ji su. Ni kuma zan kwashe shirin in mayar na uku, mu ga abin da wayarsa za ta yi.

Karon farko ni na ɓata. Don ina sauri, maimakon in ba sabon gidan tsohon adireshin ya kwaso komai da kansa, sai na sake ɗora fayilolin da hannu, na kwafe takensu, sannan na kunna alamar ƙaura. Bayan kamar awa ɗaya Yaya ya miƙo min wayar bai ce uffan ba. Guntaye 6 ne a jere, uku masu alamar an ji, uku masu ɗigon sabo, wayar kuma ta riga ta fara sauke "sababbin". Sabon gidan ya ba kowane guntu sabuwar GUID, manhajar ta ɗauke su baƙi. Ya ce, "Yanzu da shirin ya kai kashi na 80 ne fa, a wayoyin mutane?" Ban amsa ba. Na hango datar bayin Allah tana tsiyayewa a kan abin da suka riga suka ji.

Na share komai na sake daga farko. Wannan karon na bi ta ƙofar shigo da shiri, na liƙa tsohon adireshin, na jira. Da ya gama na buɗe takardun RSS biyun gefe da gefe, na bi lambobin GUID harafi bayan harafi. Sun dace. Ranakun fitowa ma sun dace. Sai na koma tsohon gidan na kunna ƙaura, na tambayi sabar amsar da take bayarwa. 301 ta ce. Wannan dubawar tana da muhimmanci, domin akwai ƴar'uwarta 302, wadda ke nufin an ɗan fita za a dawo, kuma da ita manhaja ba ta sauya adireshin da ta riƙe. Wayar Yaya ta nuna guntaye 3, duka da alamar an ji. Bai ga komai ya motsa ba, abin da ake nema ke nan.

Daga nan na gwada ƙofar fita ta sauran. A na ɗaya akwati ne a cikin saituna, ka liƙa sabon adireshi ka danna, shi ke nan. A na uku ma haka, sun ma rubuta a fili cewa alamar za ta ci gaba da aiki bayan ka rufe asusu. A na biyu na bincika ko'ina ban ga akwatin ba. Tun kwanakin baya na rubuta musu, amsa ta zo bayan kwana 2 cewa su za su sa min idan lokacin ya yi. Da na tambayi tsawon lokacin da alamar za ta zauna, sai aka turo min bayanin da bai taɓa tambayar ba. Apple tana ba da shawarar a bar ta aƙalla mako 4, ni kuma na fi son wadda ba za a cire ba sam, domin akwai mai buɗe manhajarsa sau ɗaya a wata uku. Na soke na biyu.

Abu ɗaya ba ya bin mutum a ƙaura: tarihin alƙaluma. Sai ka sauke shi a fayil kafin ka tashi. Na rubuta wa kaina in riƙa saukewa ƙarshen kowane wata.

25 ga Maris

Ƙananan ayyuka. Hoton bango: Apple tana son murabba'i, daga fiksel 1400 zuwa 3000 kowane gefe, JPEG ko PNG. Namu ya yi kyau a kwamfuta, amma da na ƙanƙance shi zuwa girman da yake fitowa a waya sai ƙaramin rubutun da ke ƙasa ya zama ƙura. An cire shi. Ƙarfin sauti: Yaya ya daidaita kashi ukun a kan -16 LUFS, ma'aunin da Apple ke ba da shawara, don kada mai saurare ya riƙa ƙara murya yana ragewa tsakanin shirinmu da na wasu.

29 ga Maris

Saura biyu, kuma kowanne da abin da ya fi ɗan'uwansa. Na ɗaya ba ya taɓa fayil. Na uku yana matse fayil, amma alƙawarinsa kan ƙaura a rubuce yake. Sai na sake komawa saitunan na ɗaya na ga abin da na tsallake: yana yarda takardar RSS ta zauna a ƙarƙashin sunan shafinmu, ba nasu ba. Idan haka ne, ranar tashi ba sai mun roƙi kowa ya nuna hanya ba, mu ne za mu juya sunan ya kalli sabon gida. Nauyin da ke ciki shi ne sabunta rajistar sunan duk shekara. Idan ta kuɓuce mana, shirin ya ɓace daga wayoyin mutane kuma babu wanda za mu ɗora wa laifi. Na kunna sabuntawa ta atomatik, na kuma sa tunatarwa a wayoyinmu biyu.

Muna cikin wannan Yaya ya jefo tambayar da ban shirya mata ba. Ya ce, "Asusun da sunan wa za a buɗe?" Na ce da imel ɗina mana, tunda ni ke kula da shi. Ya ce, "Idan ka yi tafiya, ko ka kwanta ciwo, ko muka saɓa?" Na ce, "Haba Yaya." Ya ce ba fata yake yi ba, ni ne na shafe mako biyu ina masa wa'azin ƙofar fita. Gaskiyarsa. Mun buɗe imel na shirin kansa, mu biyu muke da mabuɗinsa, da shi za a yi rajistar masauki da sunan shafi da asusun manhajoji. Wata fa'idar kuma, imel ɗin da aka sa a takardar RSS kowa na iya gani, har da masu tura saƙonnin banza. Gara su cika wancan akwatin da su cika nawa.

Game da na kyauta, na faɗa masa abin da na gano tsakani da Allah: ba kyautar ce matsala ba, akwai na kyauta masu barin mutum ya fita da 301 lafiya lau. Da shirin gwaji ne na wata biyu da can zan nufa. Mu dai adireshi da sunanmu muke so, shi ya sa za mu biya.

2 ga Afrilu

Na ɗaya muka ɗauka. Na rufe sauran asusun gwajin.

Manhajoji ba sa karɓar takardar da babu ko kashi ɗaya a cikinta, don haka mun naɗi gabatarwa ta minti 2 muka ɗora. Na miƙa adireshin ga Apple, suka ce yana layin dubawa. Spotify ta aiko da lambar tabbatarwa zuwa imel ɗin da ke cikin takardar, na shigar, aka wuce. Na kuma sa shi a Podcast Index, rumbun da Adam Curry da Dave Jones suka kafa a 2020, wanda ƙananan manhajoji da dama ke ɗiba daga cikinsa.

YouTube na dakatar tukuna. Tana karɓar RSS, amma kwafe sautin take yi ta mayar da shi bidiyo mai hoto a tsaye ta ajiye a wurinta. Ma'ana masu saurare a can ba za su fito a alƙaluman masauki ba, kuma idan muka gyara kuskure a fayil sai mun bi ta can mun sake ɗorawa. Za mu shiga, amma sai kashi na farko ya kwana biyu a waje mun tabbata babu gyara.

5 ga Afrilu

Apple ta amince. Na rubuta sunan shirin a wurin nema, ya fito, da ƙ ɗinsa da lanƙwasarta. Na ɗauki hoton allon na tura wa Yaya, ya amso da tambayar ko na ajiye asalin fayilolin sauti na WAV a wuri biyu. Na ajiye a ɗaya. Yau da dare zan kwafa a na biyu, tare da kwafin takardar RSS ta yau.

An tsara kashi na farko ya fita ranar 9 ga wata da ƙarfe 6 na safe. Abin da ya rage kafin nan shi ne rubutaccen kwafin hirar. Masaukin yana karɓar fayil ɗin VTT, wato rubutun hira mai nuna lokacin kowace magana, ya saka shi a takardar RSS, na kuma gwada wata manhajar mayar da magana rubutu a kan minti 5 na farko, ta mayar da "maƙera" wani abu da ban iya karantawa ba. Da hannu zan rubuta. Na kai minti na 11, saura 34.